Gado ko kiwo: Me ke sa rago ya yi tsoka, nama ya yi taushi?

Duk shekara idan Babbar Sallah ta gabato, akan cika bakin titunan birnin Katsina da raguna, ciki har da unguwar Ƙofar Kaura, inda hanyar Kano ta shigo gari. Wasu ragunan an turke su ne a cikin gidajen birnin, wasu kuma an kawo su daga kasuwannin Mai'aduwa da Jibiya da Caranci.

Mai saye yakan dafa gadon bayan rago, ya matsa cinya, ya buɗe baki ya duba haƙora, sannan ya tambayi dillali ko wane iri ne. Ita wannan tambaya ta ƙarshe, ita ce masana kimiyyar dabbobi suka shafe fiye da shekaru ɗari suna bincike a kanta: a cikin girman dabba da daɗin namanta, nawa ne rabon dusa da harawa, nawa ne kuma rabon abin da ta gada daga uwa da uba?

Amsar ta shafi aljihun mai turka da mahauci da mai layya. Ta kuma shafi irin ragunan da za a samu a arewacin Najeriya da kudancin Nijar nan da shekaru ashirin.

Yadda gado ke aiki

Jikin kowace dabba ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromozom, waɗanda ke ɗauke da sinadarin DNA, wato rubutaccen tsarin da jiki ke bi wajen ginuwa. Tunkiya tana da kuromozom 54, akuya da saniya suna da 60 kowaccensu, ɗan Adam kuma 46. Rabi daga uba suke zuwa, rabi daga uwa.

Wani malamin coci mai suna Gregor Mendel ne ya fara bayyana ƙa'idojin gado a shekarar 1865, bayan gwaje-gwajen da ya yi da wani nau'in wake. Sai dai makiyaya sun riga shi aiki da abin. Bafulatanin da ya san asalin kowace saniya a garkensa har kaka da kakanni, ya kuma san bajimin da zai bari da wanda zai dandaƙe, aikin gado yake yi ko da bai kira shi da wannan suna ba.

Yawancin halayen da suka shafi nama ba ƙwayar gado ɗaya ce ke tafiyar da su ba. Ɗaruruwa ne, kowacce da ɗan abin da take ƙarawa ko ragewa. Saboda haka masana kan auna su ne da kaso. A tumaki, gado kan ɗauki kamar kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na bambancin saurin girma da ake gani tsakanin dabbobin garke ɗaya. Kaurin tsoka da yawan kitse su ma suna bin jini sosai. Haihuwar tagwaye kuwa ba ta cika bin jini kamar haka ba, domin rabon gado a cikinta bai fi kashi 10 cikin ɗari ba.

Akwai kuma wani abu da masu turka ba su cika lura da shi ba. Adadin zaruruwan tsokar dabba yana kammaluwa ne tun tana ciki. Bayan haihuwa zaruruwan kan yi kauri da tsawo, amma da wuya su ƙaru. Tunkiya tana ɗaukar ciki na kimanin wata biyar, kuma idan ta sha yunwa a rabin farko na cikin, kamar yadda kan faru a tsakiyar rani, ɗanta kan fito da ƙarancin zaruruwa. Irin wannan rago, komai ƙuli-ƙuli da dusar da aka zuba masa daga baya, ya fi saurin tara kitse a kan tsoka.

Balami da Uda da 'Yankasa

Manyan irin tumaki uku ne suka mamaye arewacin Najeriya.

'Yankasa su ne mafi yawa, kuma su ne tumakin gida na ƙasar Hausa. Farare ne, da baƙi a kewayen ido da baki da kunne. Ba su da girma sosai, domin ragon 'Yankasa yakan tsaya tsakanin kilo 30 zuwa 45, amma suna da juriya, suna rayuwa a kan abin da suka tsinta, sun kuma fi sauran jure damshin yankunan da ke kudu.

Uda tumakin makiyaya ne, masu dogayen ƙafafu da dogayen kunnuwa. Ba a ɓata su: gaba baƙi ko ja, baya fari, kamar an raba da wuƙa. Jikinsu na tafiya ne, shi ya sa suke iya bin dogon zango tsakanin Nijar da Najeriya.

Balami kuwa shi ne babba. Fari ne fat, da gantsararren hanci da faffaɗan kunnuwa, asalinsa kuma yankin Borno ne da kewayen Tafkin Chadi. Ragon Balami da ya samu kulawa yakan wuce kilo 60 ba tare da wahala ba, shi ya sa masu turka ke rububinsa. Sai dai yana da ci, kuma ba ya son damshi.

Ke nan kowane iri da abin da ya samu da abin da ya rasa. Mai turkar da ya zuba wa ragon 'Yankasa abincin Balami ba zai mayar da shi Balami ba. Haka kuma wanda ya saki Balami ya yi kiwon kansa a bola kamar ɗan 'Yankasa, asara zai tafka.

An taɓa gwada shigo da jinin waje a Katsina. A shekarun 1960 an gudanar da wani shiri na haɗa tumakin gida da Merino, wato tumakin da suka shahara da ulu, kuma wata masaniya mai suna Marca Burns ta wallafa sakamakon binciken a 1967. Ulu ake nema a lokacin ba nama ba, kuma sana'ar ulun ba ta kafu ba. Tumakin da ake gani a Katsina a yau masu gashi ne kamar na kakanninsu.

Birkin da ke cikin tsoka

A shekarar 1997 wasu masana biyu a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Se-Jin Lee da Alexandra McPherron, suka gano wata ƙwayar gado da ke samar da sinadarin da suka raɗa wa suna mayostatin. Aikin sinadarin shi ne taka wa tsoka birki, kada ta wuce kima. Da suka kashe wannan ƙwaya a jikin ɓeraye, sai ɓerayen suka fito da tsoka ninki biyu zuwa uku na 'yan uwansu.

A cikin wannan shekara aka warware wani tsohon abin mamaki. Manoman ƙasar Beljiyam sun daɗe suna kiwon wasu shanu da ake kira Shuɗin Beljiyam, waɗanda tsoka ke fitowa a cinyoyinsu da kafaɗunsu curi-curi kamar na ɗan dambe. Masana a Jami'ar Liyej, ƙarƙashin Michel Georges, suka gano cewa haruffa 11 ne kacal suka ɓace daga rubutun ƙwayar mayostatin ta waɗannan shanu. Birkin ya lalace, tsoka ta samu sake. Irin waɗannan shanu kan ba da tsokar da ta ɗara ta sauran da kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma namansu ba shi da kitse sosai.

Amma abin bai zo a banza ba. 'Yan maruƙan kan yi girman da uwa ba ta iya haihuwarsu da kanta, ta yadda a Beljiyam mafi yawansu sai likitan dabbobi ya yi tiyata ya ciro su. Zuciyarsu da huhunsu ƙanana ne idan aka kwatanta da jikinsu, ba sa jure zafi, ba sa jure tafiya. Saniyar da ba ta haihuwa sai da likita, ba ta da wurin zama a rugar da ke dajin Rugu ko a kan burtalin da ya nufi Nijar.

A 2006 masanan na Liyej suka sake gano wani canji a wannan ƙwaya a jikin tumakin Teksel na ƙasar Holan. A nan birkin bai lalace gaba ɗaya ba, sassauci kawai ya yi, shi ya sa Teksel ke da cikar cinya ba tare da matsalar ta kai ta shanun Beljiyam ba. An kuma ga irin wannan canji a wasu karnukan tsere, har ma da wani yaro a Jamus da likitoci suka ba da rahotonsa a 2004.

Yanzu masana na iya kashe ƙwayar da gangan. An yi hakan ga awaki da tumaki a ɗakunan bincike a ƙasar Sin, kuma a 2021 aka fara sayar da wani kifi a Japan da aka yi wa irin wannan gyara domin ya ƙara tsoka.

Girma daban, daɗi daban

Labarin da ya fi kusa da mai sayen rago ya faru ne a jihar Oklahoma ta Amurka. A 1983 aka haifi wani rago a wata gona, wanda ƙugunsa da cinyoyinsa suka cika fiye da na kowane rago a garken. Aka sa masa suna Solid Gold, wato tsantsar zinariya. 'Ya'yansa da dama suka gaje shi. Ba su ba iyayensu mata wahalar haihuwa ba, domin tsokar ba ta bayyana sai bayan 'yan makonni, kuma suna mayar da abinci nama fiye da sauran tumaki.

Makiyaya suka yi ta murna, har sai da naman ya isa teburin masu ci. Naman gadon bayan waɗannan raguna tauri gare shi ƙwarai, kuma ajiya ba ta sa shi ya yi laushi yadda ya kamata. Kasuwa ta juya musu baya. Masana sun kuma lura da wani abin al'ajabi: halin ba ya fitowa sai ɗan tunkiya ya gaje shi daga uba kaɗai. Idan daga uwa ya zo, ko daga iyayen biyu, ba a ganin komai.

An ga makamancin haka a aladu. Ko da yake Musulmi ba sa cin naman alade, a kansa aka yi wani kaso mai yawa na binciken ingancin nama a Turai da Amurka, kuma darasin ya shafi sauran dabbobi. Manoma sun yi shekaru suna zaɓen aladu masu tsoka marasa kitse, musamman irin Fiyetiren na Beljiyam. Ba su sani ba, tare da tsokar suna yaɗa wata ƙwayar gado mai lahani. Dabbobin da suka gaje ta daga iyaye biyu kan faɗi matattu idan suka firgita ko aka loda su a mota, namansu kuma kan fito fari, ya yi laɓo-laɓo, yana zubar da ruwa. Sai a 1991 masana a Toronto ta ƙasar Kanada suka gano ainihin canjin, aka samar da gwajin jini, aka shiga tsame shi daga garkuna.

Abin da ya haɗa labaran uku shi ne, duk lokacin da aka bi girma kaɗai aka rufe ido ga sauran halaye, akan biya kuɗin a wani wuri.

Abin da ke faruwa bayan yanka

Tsoka ba ta zama nama nan take. Bayan an yanka dabba, sikarin da ke ajiye a tsokarta yakan rikiɗe ya zama wani ɗan tsami, jiki kuma ya sandare cikin sa'o'i. Daga nan sai wasu sinadarai da ke cikin tsokar, waɗanda ake kira kalfen, su shiga tsinka zaruruwan a hankali. Wannan tsinkawa ita ce taushi. Saboda ita ne mahautan Turai ke rataye naman sa a ɗakin sanyi mako ɗaya zuwa biyu kafin su sayar. Al'adar nan ta gidajen Hausawa da dama, ta rataye ragon layya ya kwana ya sha iska kafin a yanyanka, ba ta rasa nasaba da wannan hikima, ko da yake dare ɗaya farkon aikin ne kawai.

Kalfen na da abokin hamayya, wani sinadari mai suna kalfastatin, wanda ke hana shi aiki. Yawansa a jiki yana bin jini. Shi ne ya yi yawa a zuriyar ragon Oklahoma. Binciken da aka yi a cibiyar nazarin dabbobin nama ta gwamnatin Amurka da ke jihar Nebraska ya kuma nuna cewa shanu masu tozo sun fi shanun Turai marasa tozo yawan kalfastatin, saboda haka namansu ya fi tauri.

Wannan ya shafi arewa kai tsaye, domin Bunaji da Rahaji da Gudali na Sakkwato da Azawak duk masu tozo ne. To amma jinin da ya ba su taurin nama, shi ne ya ba su jure rana da ƙishirwa da kaska. Dafuwar ƙasar Hausa ma ta dace da irin naman da ake da shi. Mai kilishi jan nama marar kitse yake nema, ya shimfiɗe shi siriri kamar takarda. Mai tsire yana yanka ƙanana. Farfesu da dambun nama kuwa doguwar wuta ce ke gama da taurinsu. Naman shanun Wagyu na Japan, wanda kitse ya ratsa cikinsa kamar zane, yana da tsada a manyan otal-otal na duniya, amma ba zai yi kilishi mai daɗewa ba.

Ba kowane tauri ne laifin gado ba. Shekaru na da nasu rabo, domin jijiyoyin da ke ɗaure tsoka suna ƙara ƙarfi yayin da dabba ke tsufa, kuma yawancin shanun da ke isa mayanka a Najeriya sun riga sun manyanta, wasu ma sun gama aikin huɗa. Sai kuma wahala. Dabbar da ta kwana biyu a tsaye cikin tirela, ba ci ba sha, ga duka, takan ƙone sikarin tsokarta kafin a kai ta ga wuƙa. Namanta kan fito baƙi-baƙi, ya bushe a hannu, ya kuma yi saurin lalacewa, abin da ke da haɗari a kasuwar da babu firiji. Hutu da ruwa kafin yanka na rage wannan matsala, ko wane iri ne dabbar.

Ragon da ya fi kyau shi ke fara tafiya

A nan ne babbar matsalar take. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a wannan yanki, rago ya fi sauran dabbobi falala a layya, kuma wanda ba a dandaƙe ba shi ke gaba. Kowane magidanci yana son ya kai gida lafiyayyen rago mai cikar halitta. Mai kiwo kuma yana son kuɗi. Saboda haka ɗan ragon da ya fi saurin girma a garke shi ake fara warewa a ɗaure a turke, nesa da tumaki, daga turke sai kasuwa. Sau da yawa yakan bar duniya bai bar ɗa ko ɗaya ba.

Wanda ke saura yana yawo da tumakin unguwa shi ne ƙaramin da ba wanda ya taya. Shi ke barbara, wani lokaci har da uwarsa da 'yan uwansa, kuma irin wannan barbarar dangi na rage girma da ƙarfin jiki. Idan aka yi haka shekara da shekaru, garke baya yake ja, ko da kuwa ana ƙara kashe kuɗi a kan abinci. Laifin ba na layya ba ne. Rago guda na iya hawan tumaki talatin ko fiye a kaka ɗaya, don haka barin zakaran garke ya yi shekara guda yana barbara kafin a turke shi ya wadatar.

Akwai wuraren da aka gwada hakan. A ƙasar Habasha, tun daga 2009, ƙauyukan yankunan Menz da Horro da Bonga suka fara wani tsari tare da masana: ana auna nauyin kowane ɗan tunkiya a rubuta, jama'a su taru su zaɓi ragunan da suka fi, ƙungiya ta saye su da kuɗin asusu, su yi barbara a garkunan mambobi, daga baya a sayar a mayar da kuɗin. Sauran mazan kuma a dandaƙe su a turke. Babu jinin waje a ciki, babu ɗakin bincike. Sikeli ne da littafi da yarjejeniya.

A Senegal kuwa masu kiwo ne da kansu suka samar da irin Ladum tun daga shekarun 1970, ta hanyar haɗa tumakin Tuwabir na Muritaniya da Bali-bali na Mali. A can, ragon da ya yi fice ba a cika yanka shi ba. Ajiye shi ake yi, ana biyan kuɗi domin a kawo masa tunkiya.

Ko a maƙwabta akwai misali. A Maraɗi, wadda ba ta kai nisan kilomita 100 daga Katsina ba, an kafa cibiyar kiwon jar akuya a 1963, domin tace irin da kuma raba bunsuraye ga ƙauyuka. Fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato ce ta yi suna a kasuwannin Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko, saboda ta can fatake ke bi da ita. Launi da fata aka fi kula da su a wancan zaɓe, amma ya nuna cewa ana iya riƙe iri idan aka sa hannu.

A Najeriya, nauyin wannan aiki yana wuyan Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, wadda ta samo asali daga gonar dabbobi da aka buɗe a 1928, ta kuma zama cibiyar ƙasa a 1976 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ta yi aiki a kan 'Yankasa da Uda da Balami da jar akuya, kuma ita ce ta fitar da kajin ƙwai na Shika Brown. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo.

A duniya an kammala karanta rubutun gadon saniya a 2009, na tunkiya kuma a 2014, har ta kai a wasu ƙasashe ana cire gashin ɗan maraƙi a gwada, a yi hasashen irin naman da zai bayar. Sai dai irin wannan gwaji ba ya aiki sai an gina shi a kan bayanan dubban dabbobi na irin da ake magana a kai: nauyinsu a ranar haihuwa, nauyinsu a wata shida, da sunan uban kowannensu. Yawancin ragunan da ake ɗaurewa a Ƙofar Kaura da sauran kasuwannin arewa ba a taɓa ɗora su a kan sikeli ba, kuma da ido da tafin hannu ake yanke musu farashi.